Darasi: Rabon hatsi bayan girbi

Kaka ta yi, rumbuna sun cika. A wannan lokaci ne manomi yake jin kansa sarki, a cikinsa ne kuma ya fi yin asara. A watannin Oktoba da Nuwamba kowa yana kai hatsi kasuwa, kuɗin tiya ya faɗi, ƴan kasuwa su saye su ɓoye. Idan Yuni da Yuli suka zo, ga rumbu wayam, ga noma ya kankama, sai mu koma mu sayi hatsinmu da tsada, sau da yawa da bashi. Wanda ya ga shekarar 2005 a Maraɗi, Damagaram da Tawa ya san zancen: hatsi yana kasuwa, kuɗin saye ne babu.

A Littafin Farawa, sura 41, Yusufu ya shawarci Fir'auna da a ware kashi ɗaya cikin biyar na amfanin gona a shekaru bakwai na ƙoshi, domin shekaru bakwai na yunwa. Mu lura, bai jira fari ba. Ya fara tun ana wasa da tuwo. Wasu ƴan'uwa sukan ce tanadi rashin bangaskiya ne, tun da Yesu ya hana mu damuwa kan gobe. A ganinmu damuwa ya hana, bai hana lissafi ba.

To, mu yi lissafin. Mai dami 50 ya ware 5 na zakka, ya ware 10 na Yusufu a rumbu dabam, sa'an nan ya fitar da iri. Bayan haka a zauna da uwargida, don ita ce ta san abin da turmi yake ci. Gidan da yake daka tiya 2 a rana yana cin tiya 60 a wata, wato buhu ɗaya da rabi, tun da babban buhu tiya 40 ne. A shekara buhu 18 ke nan. Abin da ya haura wannan shi ne na sayarwa, shi ne kuma na biki da ɗinkin Kirsimati. Idan bai haura ba, tsohuwar riga ba ta hana shiga sujada.

Saura maganar bashi. Littafin Firistoci, sura 25, ya hana a ba ɗan'uwan da ya talauce kuɗi da ruwa, ko a ci riba a kan abincin da aka ba shi. Mai ba da tiya ɗaya da damina don ya karɓi biyu da kaka, ko dattijon ikilisiya ne, ya duba wannan sura. Mai bukata kuwa ya fara tuntuɓar bankin cimaka na gari, ko asusun Mata Masu Dubara, wanda aka fara a jihar Maraɗi a 1991, inda mata suke zubi kowane mako, su ranta wa junansu. Kowane bashi a rubuta shi a littafi, da ranar biya, a gaban shaidu biyu.