Kafin ka ɗaura wa motarka ɗaki

Ɗana, saƙonka ya iso, na kuma ji yadda kuka kwashe a Lake District: ruwa kwana uku ba ƙaƙƙautawa, barguna sun jiƙe sharkaf, ƙaramar ta dawo da tari, maiɗakinka kuma ta ce ita da tanti sai dai labari. Ka ce zuciyarka ta karkata ga karaban, ɗakin nan mai taya da ake ja da mota, amma kana jin kamar gazawa ce. Cire wannan daga ranka. Mai iyali da ya nemar wa iyalinsa wurin kwana busasshe bai gaza ba.

Ni ma na daɗe ina kafa tanti a ƙasar nan ta Ingila kafin na sauya. Abin da ya sauya ni asuba ce guda. Na fito alwala, ruwan buta kamar ƙanƙara, ciyawa ta jiƙa mini ƙafar wando, na koma ciki na yi salla a sunkuye saboda rufin bai kai tsayina ba. Jiki magayi. Ranar da na fara miƙewa sosai na kabbarta salla cikin karaban, ruwa na dukan rufi, Hajiya na ɗora shayi a gefe, na gode wa Allah har cikin raina.

Sai dai tanti kaya ne da kake jefawa bayan mota ka manta da shi. Karaban kuwa amana ce da ke bin ka a baya, kuma nauyinta ne abin dubawa na farko, tun kafin labule da kujeru su ɗauke maka hankali. Shawarar da manyan ƙungiyoyin masu wannan harka ke ba sabon shiga ita ce, nauyin karaban da kayanta duka kada ya wuce kashi 85 cikin ɗari na nauyin motar da ba lodi. Tun watan Disamba na 2021 doka a Ingila ta bar mai lasisin ƙaramar mota ya ja tirela har kilo 3,500 ba tare da wata jarrabawa ba. Wannan sassaucin bai kwanta mini ba, domin takarda ba ta koya wa hannu tuƙi. Ka nemi horo ko na yini ɗaya ne.

A hanya kuma, mil 60 a awa ne iyakarka a babbar hanya, 50 a mai hannu ɗaya, kuma layin dama na babbar hanya mai layi uku ba naka ba ne. Ka sa ƙarin madubai. Kaya masu nauyi su zauna a ƙasa, daidai saman tayoyi. In babbar mota ta wuce ka, ka ji bayan ya fara rangaji, kada ka danna birki da ƙarfi; ɗaga ƙafa daga totur, riƙe sitiyari sak, har ta natsu.

Na san ta hannu za ka saya, kuma hakan daidai ne. To a nan ka buɗe hanci kafin ido. Babban ciwon tsohuwar karaban danshi ne, yana shiga ta bakin tagogi da mahaɗar rufi, ya ci katakon ciki a ɓoye. Ta farko da na saya, mai ita ya fesa turare ya buɗe tagogi kafin na iso. Bayan wata biyu na danna yatsa a bangon da ke ƙarƙashin tagar gaba, ya lotsa kamar burodi. Araha ba ta ado. Ka tafi da na'urar auna danshi, ka buɗe kowane kabad, ka ɗaga katifu, ka taka daɓen ka ji ko yana lanƙwasa. Ka duba lambar rajista ta CRiS da ke jikin tagogi ta yi daidai da takardu, don ana satar karaban. Tayoyi ma shekarunsu ake dubawa, ba kyan fuskarsu ba. In sun haura biyar, canza su. Kuma kada ku kwana ko dare ɗaya ba na'urar da ke ƙara idan hayaƙin gas mai kisa ya taru. Ba ya wari.

Ka kuma tambayi kanka inda za ta zauna duk tsawon hunturu, da abin da wurin ajiya zai ci.

Tantin kuwa, kada ka sayar. Na ga iyalai da yawa sun ja ɗaki har gindin dutse, sun shige sun rufe ƙofa sun kunna talabijin, sai na rasa abin da ya fito da su daga gida. Samarin nan naku nan da shekara biyu za su so kwana su kaɗai. Ka kafa musu shi kusa da ku, su ji kukan tumaki da asuba kamar yadda kuka saba.

Ka zo ranar Asabar da motarka, mu ɗaura tawa, mu sami fili babu kowa in nuna maka ja da baya. Ka kama sitiyari ta ƙasa, inda hannunka ya nufa nan za ta bi. Ka gaida mini maiɗakinka, Allah ya ƙara wa ƙaramar sauƙi.