Amsoshin Tambayoyinku: Teburin Jirgin Ƙasa Don Jika

Tambaya: Ni dattijo ne, na yi ritaya, ina zaune a Kaduna. Jikana ɗan shekara huɗu ya hau jirgin ƙasa daga Rigasa zuwa Abuja tare da iyayensa, tun daga ranar ba shi da zance sai na jirgi. Ko takalman mutanen gida ya samu, jera su yake yi a tsakar gida ya ce taragai ne. Na ga a waya yadda Turawa ke haɗa tebur da ɗan ƙaramin jirgi mai lantarki yana zagayawa, har da duwatsu da gada. Ina so in yi masa irinsa. Ina ɗan taɓa aikin katako, akwai kuma kafinta a unguwarmu. Wane girma ya dace, wane katako zan saya, kuma da ƙusa ake kafe layin dogon ko da gam? Yana da ƙanwa mai rarrafe.

Amsa: Baba, Allah ya ƙara girma, ya raya abokin naku da 'yar amaryarku mai rarrafe.

Zan fara da inda za ku ɗan ji babu daɗi. Wannan da kuka gani a waya ba na yara ba ne, na manya ne. A Jamus da Ingila da Amurka akwai magidanta masu furfura da ke ware ɗaki guda don shi, su shekara suna gini. Wanda ya fi yaɗuwa a duniya shi ne samfurin da ake kira HO, inda aka ƙanƙanta komai sau 87, tazarar ƙarafan dogonsa milimita 16.5 kacal. Ƙafafunsa ƙanana ne ƙwarai, ɗora su a kan layi ma sai an natsu, kuma ƙura kaɗan ta kwanta a kan ƙarfen sai wuta ta ƙi ratsawa, jirgi ya tsaya. Ku tuna hunturun Kaduna. Ga shi lanƙwasarsa na cin wuri: kafin ya yi zagaye guda yana neman faɗin kusan inci 40, shi ya sa masu yinsa kan shimfiɗa filawud sukutum, ƙafa 4 da ƙafa 8. A jikin kwalin galibi za ku ga an rubuta shekara 8, wasu ma 14. In kuka kawo wa ɗan shekara huɗu, ku za ku riƙa wasan, shi kuma ya zama ɗan kallo da ake ta ce wa kada ya taɓa. Kwana biyu zai koma wa takalmansa.

Abin da ya dace da shi jirgin katako ne wanda ake turawa da hannu. Kamfanin Brio na ƙasar Suwidin ne ya shahara da shi tun ƙarshen shekarun 1950, yanzu kuma IKEA da Hape da wasu da dama suna yin irinsa, kuma yawanci layin wannan na shiga na wancan, ko da wani sa'in da ɗan matsi. Layin guntu-guntu yake, kowane da kai da rami, yaro ya harhaɗa da kansa. Taragan kuwa maganaɗisu ke riƙe su. Ana samu a shagunan kayan wasan yara na manyan garuruwa, ana kuma dacewa da shi a gwanjo. In na gwanjo ne a goge da tsumma mai ɗan danshi da sabulu, kada a jiƙa shi a ruwa, don katakon zai kumbura kan ya daina shiga rami. In yaron ya matsa sai mai tafiya da kansa, akwai kan jirgi mai batir da ke bin wannan layin, ba ruwanku da wutar gida.

Ku sayi jirgin tukuna kafin a sa zarto a katako. Ku zube masa a kan tabarma ya yi mako yana wasa, ku ga iya filin da yake ci.

Sai batun girma. Abin da za a auna a nan hannun yaron ne, ba faɗin ɗaki ba. Dole ya iya miƙa hannu ya kai tsakiyar tebur daga kowane gefe ba tare da ya hau ba. Tsawon ƙafa 4 da faɗin inci 32 shi ne daidai, kuma akwai sauƙi a cikinsa: filawud guda tsawonsa inci 96 ne, in aka raba shi uku kowane kashi zai ba da wannan awon, ban da ɗan abin da zarto ya ci. Ɗaya ya zama saman tebur, ɗaya a yi kanta da shi a ƙasa, na ukun a ajiye. Lanƙwasassun guntaye takwas ne ke ba da zagaye guda, faɗinsa kusan inci 17, don haka zagaye biyu a jere, masu siffar lamba 8, za su zauna a tsawon teburin har wuri ya ragu.

Tsayi kuwa inci 16 zuwa 18 daga ƙasa. Kafinta zai ce ya yi gajarta, ya so ya ƙara domin yaro zai girma. Kada ku yarda. A wannan tsayin yaron zai yi wasa a tsaye ko a durƙushe, ku kuma kuna kan 'yar kujera ko a kan darduma kuna kai hannu. Wannan awon kuma in aka karkata teburin zai wuce ta ƙofar ɗaki, abin da mutane kan manta sai an gama aiki.

Filawud mai kaurin rabin inci ya isa, muddin an yi masa firam a ƙarƙashi da katako guda a gicciye ta tsakiya, domin ko an hana shi sai ya hau wata rana. Ƙafafu na tu-bai-tu. Ku guji MDF. Ruwa ko koko ya zube a gefensa sau ɗaya sai ya kumbura ya fara marmashewa. Don firam da ƙafafu malaina ko afara sun wadatar, ba sai an je ga maɗaci ba, tsada ce da nauyi kawai. Abin dubawa shi ne katakon ya bushe. Ɗanyen katako da aka haɗa da damina, hunturu na kamawa zai tsuke ya murɗe, tebur ya fara rawa. A haɗa da gam da sukuru maimakon ƙusa, don ƙusa kan ɗago kai bayan an sha jijjiga, a kuma nutsar da kawunan sukurun cikin katako.

Akwai abu guda da ya raba wannan da teburin shan shayi, wato baki. A kewaye saman da siririn katako wanda ya ɗara filawud ɗin da inci 1 zuwa 1 da rabi. Shi ke tare tarago in ya kauce, ya hana ku wuni kuna sunkuyo. Kada ya wuce haka, in ba haka ba zai riƙa gurzar hannun yaron. Kusurwoyi huɗun nan a dulmuƙe su sosai da sanfefa, domin mai koyon tsayuwa na iya buga goshi a kansu.

Kun tambayi ƙusa ko gam. Ba ko ɗaya. Na san abin da ke jan hankali zuwa kafewa: yaro zai ture layin, gada ta rushe, ya yi kuka, a kira kaka. To amma harhaɗawar ita ce wasan. Yau ya yi zagaye, gobe ya miƙar da layi har bakin tebur, jibi ya tarar ƙarshen biyu sun ƙi haɗuwa ya zauna yana juya guntu har ya gano wanda ya sa a baibai. Haka zai gane da kansa cewa in tarago ya ƙi manne wa ɗan'uwansa, juya shi ake yi. In kuka kafe layin, kun ba shi hanya guda ɗaya tak, ya zagaya ta sau ɗari ya gaji. Abin da kawai zan yarda a manne shi ne ginshiƙan gada, su ma a kan wani ɗan allo daban da za a iya ɗagewa, ba a jikin tebur ba.

Wajen fenti a kula. A yi amfani da fentin ruwa, a bi shi da banish na ruwa marar sheƙi, don in saman ya yi santsi da yawa layin zai riƙa zamewa. Wasu fentin mai, musamman rawaya da ja masu haske, akan samu dalma a cikinsu, kuma mun ga abin da gubar dalma ta yi wa yara a Zamfara a 2010, ko da yake can daga haƙar zinare ta fito. Ƙanwar nan sai ta ciji bakin teburin. Haka nan ku ja kunnen kafinta kada ya shafa baƙin mai ko maganin gara irin na katakon rufi. Maganin gara a nan shi ne a ajiye teburin a kan daɓen siminti, a riƙa matsar da shi ana shara. A bar shi a inuwa a waje har warin ya fita gaba ɗaya kafin a shigar.

Zanen kuma kada a cika. Kore ko ruwan ƙasa, da kogi shuɗi a gefe guda, ya isa. In aka zana tituna da yawa za su yi ta karo da duk layin da ya shimfiɗa. Sauran ku bar wa guntayen katakon da ke zube a shagon kafinta. Ku goge su, ku rubuta Rigasa a jikin ɗaya, Idu a jikin ɗaya, tun da su ya sani. Guntu mai kusurwa uku ya zama dalar gyaɗa, daga nan kun sami hanyar ba shi labarin yadda dogo ya isa Kano a 1911 da irin kayan da ya kwasa. Mu da muka taso da motar kara da ta langa-langa ba a sayo mana gari a kwali ba.

Saura ita mai rarrafen, kuma a nan ba wasa. Jirgin katako na 'yan shekara 3 zuwa sama ne. Duk abin da zai iya shiga bututun kwalin da ke tsakiyar tishu, kamar ƙananan bishiyoyi da mutum-mutumi da ƙafar tarago da ta cire, zai iya shaƙe ta. Mafi haɗari shi ne maganaɗisu. In yaro ya haɗiye guda biyu, sukan jawo juna ta jikin hanji har su huda shi, alhali da farko ba a ganin alamar komai. Ku riƙa duba taragan, wanda maganaɗisunsa ya fara girgiɗi a kawar da shi. In aka yi zargin ta haɗiye, ko shi ko ɗan batir mai kama da maɓalli, a wuce asibiti nan take, ba a jira a ga ko zai fita. Kan jirgi mai batir kuma a zaɓi wanda murfinsa ke ɗaure da sukuru.

Kantar ƙasan nan da na ambata, a nan za a sa robobi biyu masu murfi mai kamawa, ɗaya na layi ɗaya na taragai. Ƙananan tarkacen kuma su zauna a saman kabad, sai lokacin da take barci ko tana goye a sauko masa da su.