Yadda Ake Mayar da Tsohuwar Game Boy Kayan Kiɗa

Idan ka kunna tsohuwar Game Boy, sunan Nintendo zai gangaro a hankali daga saman allo, ya tsaya a tsakiya, sai ka ji wata 'yar ƙara mai kaifi kamar an ƙyasta gilashi da farce. Wannan ƙarar ta fito ne daga ɗaya cikin muryoyi huɗu kacal da na'urar take da su. Da muryoyin nan huɗu Hirokazu Tanaka ya shirya kiɗan wasan Super Mario Land, da su kuma makaɗa suka riƙa cika zaure a bikin Blip Festival da aka soma a birnin New York na Amurka a 2006. Irin wannan kiɗa shi ake kira ciftun, wato kiɗan da ke fitowa kai tsaye daga ƙwaƙwalwar tsohuwar na'urar wasa.

Kamfanin Nintendo ya fitar da Game Boy a Japan ranar 21 ga Afrilu, 1989, a ƙarƙashin jagorancin Gunpei Yokoi, mutumin da ya yi imani da ɗaukar tsohuwar fasaha mai araha a yi sabon abu da ita. Masu ciftun tafarkinsa suka bi. Ga yadda ake aikin, daga sayen na'ura har zuwa kiɗan farko.

Mataki na ɗaya: zaɓen na'ura

Nemi samfurin farko, mai kauri, mai launin toka, wanda aka rubuta DMG-01 a bayansa, mai cin batir huɗu ƙirar AA. Akwai Game Boy Pocket da Game Boy Color da suka biyo baya, amma mafi yawan makaɗa sun fi son ta farkon saboda amonta ya fi kauri, cikinta kuma akwai sarari da hannu zai yi aiki.

Kafin ka biya kuɗi, buɗe gidan batir ka duba. Farin gari ko kore-kore a jikin ƙarafan alama ce ta batir ya taɓa fashewa a ciki, kuma yawanci yana wankuwa. Sannan ka kunna, ka murɗa makunnin duhun allo har ya yi baƙi. Layukan da suka mutu a tsaye suna gyaruwa. Idan a kwance suke, ajiye ta ka nemi wata, domin gyaransu kan gagari ƙwararru ma.

Mataki na biyu: kayan aiki

Kusan duk abin da ake buƙata yana kan teburin kowane mai gyaran waya: ƙarfen dalma mai siririn baki, dalma, mita, siraran wayoyi kala uku, sifirit, auduga, tsohon buroshin haƙori, reza, da ƙaramin sukudireba mai kan kuros. Abu ɗaya ne sai an nema, shi ne sukudireba mai fiffike uku, domin irin sukurorin da Nintendo ya ɗaure yawancin na'urorin da su ke nan. Kada ka yi dabarar tura wani ƙarfe daban. Kan sukurun zai cinye, aiki ya tsaya tun ba a fara ba. Sai kuma soket ɗin iyafis mai faɗin milimita 3.5, da fitilar bayan allo wadda aka yanka daidai da wannan samfuri.

Mataki na uku: buɗewa da wanki

Cire batura. Sukurori shida ne a baya, biyu daga cikinsu suna ɓoye a gidan batir. Idan sun fita, raba murafen biyu sannu a hankali kamar mai buɗe tsohon littafi, saboda akwai wata faffaɗar waya da ta haɗa ɓangaren gaba da na baya. Kama ta kusa da bakin soket ɗinta da yatsu biyu, ka zare ta a miƙe.

Ƙarafan batir da suka yi tsatsa a jiƙa su a ruwan khal na ɗan lokaci, a goge da buroshi, a bi da sifirit, a bari su bushe sarai. Robobin da ke ƙarƙashin maɓallai su ma a share su da auduga, haka nan wuraren da suke taɓawa a jikin farantin lantarki na cikin na'urar. Kada ka raina wannan. Mai shirya kiɗa zai danna maɓallan nan sau dubbai a zama ɗaya, kuma maɓallin da yake amsawa yau ya ƙi gobe yana kashe zuciya.

Layukan tsaye da suka mutu kuwa, akwai wata baƙar roba a ƙasan gilashin allo. Ɗage ta, ka mayar da faffaɗar wayar, ka sa batura ka kunna, sannan ka riƙa goga bakin ƙarfen dalma a kan leda mai ruwan ƙasa da ke ƙarƙashinta, daidai ƙarƙashin layin da ya mutu, ba tare da ka tsaya wuri ɗaya ba. Da wurin ya huce za ka ga layukan suna dawowa ɗaya bayan ɗaya.

Mataki na huɗu: buɗe wa sauti sabuwar ƙofa

Nan ne zuciyar aikin, masu harkar suna ce masa Pro Sound. Sautin Game Boy yakan bi ta wata ƙaramar amfilifaya kafin ya isa ramin iyafis. An yi ta ne don kunnen yaro mai wasa, saboda haka tana ƙara shuu da tsaki a kan kiɗa. Dabarar ita ce a tari sautin tun kafin ya shiga cikinta.

Dubi farantin baya, daidai inda makunnin ƙarar sauti yake. Ƙafafu biyar gare shi: biyu na shigar sauti hagu da dama, biyu na fitarsa, ɗaya ta ƙasa ce, wato nagatif. Ɗora tsinken mita ɗaya a kan nagatif ɗin batir, ka bi ƙafafun da ɗayan. Wadda mita ta yi kuka a kanta ita ce ta ƙasa. Idan ka ɗauki sauti daga ƙafafun shiga, zai fito da cikakken ƙarfinsa kullum. Idan daga na fita ne, makunnin zai ci gaba da ragewa da ƙarawa. Mai hawa dandamali yakan so na biyu, mai naɗa a ɗaki yakan so na farko.

Shafa wa bakin kowace waya dalma tukuna, sannan ka ɗora ta a ƙafar, ka taɓa da ƙarfe daƙiƙa biyu ka ɗage. Haɗi mai kyau yana sheƙi, yana kwance luf. Wanda ya dunƙule ya yi toka-toka, sake shi. Huda rami a jikin murfi inda ka auna ka tabbatar soket ɗin ba zai tokari faranti ba, ka ɗaure shi, ka haɗa wayoyin uku. Gwada da lasifika kafin ka rufe. Sabon ramin na mikisa ne ko na lasifika mai amfilifaya, iyafis kuwa tsohon raminsa yana nan.

Mataki na biyar: haske

Allon Game Boy ba shi da fitila, hasken waje yake aro. Don a sa masa tasa, a kwance sukurori goma na farantin gaba, da wasu ƙanana biyu da suka danne ledar allon. A ɗaga gilashin kaɗan, a sa bakin reza a kusurwa, a ɓare takarda mai sheƙi da ledar da ke manne a bayansa, su biyun tare.

A nan na yi asarar na'urata ta farko. Takardar ta kai rabi, gam ɗin ya yi tauri, na ɗaga gilashin fiye da kima don in sami wurin ja. Ban ji ƙarar komai ba, amma da na kunna, layuka uku a kwance sun tafi, ba su kuma dawo ba. Gilashin da ya yi shekara talatin da wani abu ba ya son gaggawa. Ka tallafe shi da yatsa, ka ja takardar kaɗan-kaɗan, ko da za ta ci maka rabin awa.

Goge ragowar gam da sifirit har gilashin ya yi tas. Zura fitilar da sabuwar ledar da ta zo da ita, ka haɗa wayoyinta biyu a wurin da ke ba da bolt 5 da kuma nagatif, bayan ka tabbatar da su da mita. Wasu sukan ƙara wata 'yar ƙwaƙwalwa mai lamba 74HC04 don rubutu ya ƙara fitowa raɗau. Wannan ka bar shi sai hannunka ya faɗa.

Mataki na shida: kaset da manhaja

Manhajoji biyu ne suka yi fice. Nanoloop ta Oliver Wittchow ce, Bajamushe, tun ƙarshen shekarun 1990. Little Sound Dj, wadda ake taƙaitawa LSDj, Johan Kotlinski ɗan ƙasar Suwidin ne ya fitar da ita a 2000, da ita kuma Chipzel ta shirya kiɗan wasan Super Hexagon na 2012. Ana saukar da LSDj daga intanet, a zuba ta a kaset ɗin da ake iya sake wa rubutu, irin su EverDrive. Wanda bai sami na'ura ba tukuna yana iya fara koyo a kwamfuta da manhajar BGB ko SameBoy, waɗanda suke kwaikwayon Game Boy.

Mataki na bakwai: kiɗan farko

San muryoyinka. PU1 da PU2 sirara ne masu kaifi, su ke ɗaukar karin waƙa. WAV kai kake zana siffar amonta da ɗigo 32, ita ce mai kauri, ita ke riƙe gindin kiɗa. NOI kuwa hayaniya ce zalla, daga ita ake sassaƙa ganguna da kacau-kacau.

Ginin LSDj hawa-hawa ne. Jimla tana da taku 16, jimloli su haɗu su yi sarƙa, sarƙoƙi su haɗu su yi waƙa. Maɓallin A ke sa abu, A tare da kibiya ke canza shi, Select tare da kibiya ke kai ka wani shafi, Start ke kunnawa. Lambobin ba sa tsayawa a 9, sukan zarce A har F.

Fara da NOI, ka sa bugu a taku 0, 4, 8 da C. Bi da WAV, amo biyu ko uku masu amsa wa gangar. Sai PU1 ta shigo da kari. Da yake kowace murya amo ɗaya take iya fitarwa a lokaci guda, akwai umarnin C da ke sa ta zagaya amo uku da gudun da kunne zai ji kamar tare suke: C47 mai annashuwa, C37 mai sanyaya jiki. Wannan karkarwar ita ce tambarin ciftun. Mai son bugu uku-uku irin wanda kunnenmu ya saba da shi, ya sa H00 a taku C, jimlar za ta koma taku 12. Umarnin P kuma yana lanƙwasa amo sama ko ƙasa, kamar yadda makaɗin kalangu yake matse tsarkiya a hammata.

Za ka kai inda kake son murya ta biyar, kuma babu ita. Dole wata ta yi shiru wata ta yi magana, ko ganga ta ari wurin mai kauri na taku ɗaya ta mayar. A nan ake koyon shirya kiɗa da gaske, domin duk amon da ya rage a waƙar sai da ka auna shi ka ga ya cancanci zama.

Mataki na takwas: adanawa

Yawancin kasusuwan nan ɗan ƙaramin batir ne ke riƙe abin da aka shirya, ko kuma katin ajiya. Duk daren da ka yi aiki, kwafi fayil ɗin zuwa kwamfuta, ka kuma jona sabon raminka ka naɗi sautin. Idan muryoyi huɗu sun yi maka kaɗan nan gaba, ana haɗa Game Boy biyu da wayar wasan mutum biyu su tafi taku ɗaya, muryoyi su zama takwas.

Amma kada ka yi saurin zuwa can. Zauna da huɗun nan wata da watanni, har ka iya gane kowace da ido a rufe. Rannan za ka ɗaure sukuru na shida, ka tura makunni, sunan Nintendo ya gangaro a kan allo mai haske, 'yar ƙarar nan ta fito ta babbar lasifika tas babu tsaki. Abin da zai biyo bayanta kuma, naka ne.