Kada Tarihin Baƙar Fata Ya Tsaya a Fabrairu

A 1926 masanin tarihi Carter Woodson ya ware mako guda a Fabrairu don koyar da tarihin baƙaƙen fatar Amurka. A 1976 makon ya zama wata guda, amma da watan ya wuce sai zancen ya lafa.

Ya kamata malamai da iyaye su rarraba darasin cikin shekara. A Yuni a ba yara labarin ranar 19 ga watan, 1865, da aka sanar da bayin Teksas 'yancinsu. A Disamba a tuna Rosa Parks, wadda ta ƙi tashi daga kujerar bas a 1955.

A gida kuma, matasa su naɗi hirar kakanni da waya, su rubuta sunayen mutanen cikin tsofaffin hotuna tun waɗanda suka san su suna raye.