DARASI: MANOMI, SAN KANKA KAFIN KA CI BASHI

'Yan'uwa manoma na ƙasar Isa da Sabon Birni, darasinmu na wannan wata a kan sanin kai ne. Mun san gonar jigawa, mun san fadamar Gulbin Rima da ta Bunsuru. Amma da yawanmu ba mu taɓa zama mun auna kanmu ba. Farin 1973 da na 1984, da ambaliyar 2010, sun nuna mana ruwan sama ba a hannunmu yake ba. Tun daga 2020 kuma 'yan bindiga sun raba mutane da yawa da gonakinsu na nesa. Abin da ya rage a hannunmu shi ne lissafinmu da halinmu.

1. San cin gidanka. Idan gidanka na cin dami 2 na gero a mako, kana bukatar dami 104 a shekara, ban da iri da biki. Wanda bai san wannan ba zai sayar da hatsi da kaka yana araha, ya sayo shi a watan Agusta da tsada.

2. San ƙarfinka. Hannu nawa ke riƙe fartanya a gidanka? Gero na son noman fari cikin mako 2 zuwa 3 bayan shuka. In gona ta fi ƙarfin hannu, ciyawa ce za ta sha takin da ka ciwo bashi. Ga bashi, ga rumbu wayam.

3. San halinka. Wani kuɗi ba ya kwana a aljihunsa ranar kasuwa. Irin wannan gara ƙungiya ta ba shi taki da iri a maimakon kuɗi. Faɗin haka ba abin kunya ba ne.

4. Shugaba ma ya san kansa. Mu da muke koyar da wasu, wannan ya fi shafarmu. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Shugaba mai saurin fushi, 'yan ƙungiya za su ɓoye masa asararsu har ranar biyan bashi. Idan mun je gonar mutum, mu fara da tambaya: "Malam, me ka gani a gonar nan bana?" Mu bari ya gama. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Gwano ba ya jin warin jikinsa. Saboda haka kowa ya zaɓi mutum ɗaya mai gaya masa gaskiya, ya kuma saurari uwargida, don ita ta san ranar da rumbu ke ƙarewa.

Tambayoyi don taron ƙungiya:
a. A wane wata hatsinka ya ƙare bara?
b. Gona nawa ka gama nomewa a kan kari?
c. Wa ke iya gaya maka kuskurenka ba ka yi fushi ba?

Kowa ya zo da amsarsa kafin a rubuta sunayen masu neman taki.