Canjin tiyon gazuwal a tsohuwar babbar mota

Ka san manyan motocin nan da ke ɗaukar albasa daga Galmi, ko buhunan wake daga kasuwannin Maradi. Da yawa cikinsu sun tsufa. Akwai Mercedes 911 mai gajeren hanci, akwai Berliet. Kamfanin Berliet na Faransa ya daina sa sunansa ga sababbin motoci tun 1980. Ke nan duk Berliet da ka gani bisa hanya ta wuce shekara 40. Moterinta na iya zama da sauran ƙarfi. Amma tiyo ba ya kai wannan shekaru. Rana da zafi suna busar da roba, girgiza kuma tana cin ƙarfe.

Bari mu bi gazuwal daga inda yake fitowa. Yana tashi daga tanki ta cikin tiyo. Wani ƙaramin pompo yana jawo shi, ya tura shi cikin filtar. Filtar ta tace datti. Daga nan sai babban pompo, wanda kanikawa ke kira pompo anjeksiyo. Shi ke rabawa kowace silinda rabonta ta wasu siraran tiyo na ƙarfe. A ƙarshen kowane tiyo akwai anjektar, ita ce ke fesa gazuwal cikin moter kamar hazo. Abin da ya yi saura yana komawa tanki ta wani tiyo dabam.

Tiyon roba ba shi da wuya. In ka lanƙwasa shi ka ga ya tsage, ko ya yi jiƙe-jiƙe, ka canza shi. Sai dai ka sayi wanda aka yi don gazuwal. Tiyon ruwa na lambu yana yin laushi ya kumbura, gutsattsarinsa su toshe filtar. Kuma ka sani, tsagar da ke tsakanin tanki da ƙaramin pompo ba lalle ta ɗiga ba. Iska take sha. Shi ya sa mota ke kwana lafiya, da safe ta ƙi tashi.

Tiyon ƙarfe shi ne mai haɗari. Iskan tayar babbar mota bar 7 ne ko 8. Anjektar ta tsohon moter ba ta buɗewa sai matsi ya kusa bar 200. In tiyo ya huje, gazuwal na fita siriri, ido ba ya ganinsa sosai, amma yana iya huda fata. Kada ka nemi huji da yatsa. Kanga guntun kwali, ka duba inda ya jiƙe. In gazuwal ya shiga fatar mutum ta haka, a kai shi gidan likita nan take, ko da ciwon bai kai kan allura ba. An sha yanke yatsa saboda jinkiri.

To, ka zo canji. Kashe moter, cire kan batir, ka bar shi ya huce. Wanda ke shan taba ya ja nesa. Kafin ka kama kile, wanke wurin tas. Wannan shi ne rabin aikin. Sassan da ke cikin pompo da anjektar sun matse da juna ƙwarai, tazararsu ba ta kai kaurin gashi ba. Ƙwayar rairayi ɗaya ta isa ta karce su. Mu kuwa garejinmu fili ne, ƙasa ce ƙarƙashi, iska na kaɗawa. Ran da hunturu ya taso da ƙura, gara ka jira ko ka kewaye wurin da tabarma. Duk bakin da ka buɗe, ka rufe shi da leda mai tsabta ka ɗaure. Ban da tsumma mai zubar da zare.

Ga inda karatunka zai yi maka rana. Kafin ka kwance tiyon ƙarfe, ɗaura wa kowane ƴar takarda, ka rubuta lamba: 1, 2, 3, har 6 in moter mai silinda 6 ne. Kowane ya koma gurbinsa. In ka gama na 2 da na 3, gazuwal zai isa ba lokacinsa ba, moter ya yi ta tari. Haka kuma akwai lambobi da haruffa da aka buga jikin bakin anjektar. Kwafe su cikin littafinka kafin ka tafi wurin mai kaya. Mai kaya zai ce maka duk ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne. Karanta lambar tasa da kanka, ka gwada da taka.

Sabon tiyo ya zama tsawonsa da faɗin raminsa daidai da tsohon. Kar a yi masa walda, kar a murɗa shi da ƙarfi don ya kai. Fara ɗaura noti da hannu, in ya shiga daidai sannan ka sa kile. Zoben jan ƙarfe da ke ƙarƙashin anjektar, sabo ake sawa kowane lokaci, don tsohon ya riga ya taurare. Akwai kuma ƴan maɗaurai da ke riƙe tiyo da juna. Karnukan mota suna raina su, su bar su ƙasa. Su ne ke hana girgiza karya tiyo. Tiyon da ba shi da maɗauri, wata rana zai karye tsakanin Tanut da Agadas, inda babu mai sai da wani.

Bayan ka gama, iska ta cika layi, moter ba zai tashi ba sai ka fidda ta. Sassauta ɗan notin da ke saman filtar. Danna pompon hannu har kumfa ya ƙare, gazuwal zalla ya fito, ka ɗaure. Yi haka ga babban pompo. In har yanzu ya ƙi, sassauta notin tiyo wajen anjektar, a murza makulli kaɗan, da ka ga gazuwal ya tsarto sai ka ɗaure.

In moter ya tashi yana ɗingishi, ga yadda za ka gano anjektar mai laifi. Bar shi yana juyawa a hankali. Rufa tsumma mai kauri bisa noti, ka sassauta su ɗaya bayan ɗaya, hannunka da fuskarka nesa. Wanda ka sassauta muryar moter ta faɗi, wannan silinda na aiki. Wanda ka sassauta ba abin da ya canza, nan matsalar take. Ka cire ta ka kai wa mai injin gwaji, ya auna matsinta ya ga yadda take fesawa.

Babban pompo kam, kada ka buɗe cikinsa. Kada kuma ka yarda wani ya murɗa notinsa wai don mota ta ƙara ƙarfi. Abin da za ka samu shi ne baƙin hayaƙi, da moter mai zafi, da gazuwal da ke ƙarewa kafin ka kai Tsernawa. In dole ne a cire shi, yi alama da fenti inda ya haɗu da moter, ka nannaɗe shi cikin leda, ka kai shi birni wurin masu aikinsa.