Ɗa Ya Sayi Kare, Iyaye Ke Riƙo: Jan Hankali Daga Likitan Dabbobi

Sana'ata duba lafiyar dabbobi, kuma yawancin zirga-zirgata tsakanin Gwandu da Kalgo da Birnin Kebbi take. Duk wanda ya san yankin nan ya san abin da aka saba kiranmu a kai: saniya ta kasa haihuwa, awaki sun kama zawo da majina, ragon Layya ya ƙi cin dusa. A 'yan shekarun nan an sami ƙarin wani kira, kuma kusan kullum daga bakin dattijo ko dattijuwa yake fitowa. Akwai kare a gida, ba su suka saye shi ba, kuma ya fi ƙarfinsu.

Kare dai ba baƙo ba ne a ƙasar Gwandu. Mafarauta na da nasu, makiyaya na da masu bin garke, masu lambu a fadama na ajiye shi saboda ɓarayi da birai. Waɗannan karnuka suna da aiki, suna kuma da ubangida guda ɗaya da suke jin muryarsa. Sabon abu shi ne karen ƙawa: wanda ake kira karen 'yan sanda, da manyan nan masu gashi buzu-buzu 'yan asalin ƙasashen sanyi, da ƙananan farare da ake ɗauka a hannu ana hoto da su. Tun da aka kafa Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi a 2013, mazauninta na dindindin kuma yana Kalgo, yankin ya cika da matasa masu cuɗanya da mutanen wurare daban-daban. 'Ya'yanmu ma suna zuwa karatu da aiki Sakkwato da Jos da Kaduna da Abuja, suna ganin karnukan nan a gidajen abokai da kuma a TikTok. Sai saurayi ya tara kuɗi ya sayo ɗan kwikwiyo ya kawo gidan mahaifinsa.

Watannin farko komai lafiya. Shi ke wanka, shi ke ba da abinci, shi ke fita da shi da yamma. Daga nan sai takardar hidimar ƙasa ta fito, ko a sami aiki a wani gari, ko a yi aure amarya ta ce ita ba ta zama da kare, ko mai gidan haya ya ce bai yarda ba. Kare kuwa yakan yi shekara 10 zuwa 13 a duniya. Wani dattijo ya taƙaita mini lamarin da cewa: "Likita, yaron ga ya aje muna kare ya tahi. In na ce a bayar, ya ce in yi haƙuri har ya dawo. Ni kau ko igiyatai ban iya riƙewa."

Gatan da ke lalata kare

Abin da na fi gani a irin waɗannan gidaje shi ne kare ya sami gata ta inda ba ya buƙata, ya rasa ta inda yake buƙata. Ɗa yana turo kuɗin kaza da madara daga Abuja, yana kiran bidiyo a nuna masa "yaronsa", amma ba wanda ya san ranar da aka yi wa karen allura ta ƙarshe.

A fara da abinci. Ana zuba masa ragowar shinkafa da miya mai yaji da albasa da tafarnuwa, ana jefa masa ƙashin kaza dafaffe, yara na ba shi cakulan. Albasa da tafarnuwa suna lalata jajayen ƙwayoyin jinin kare. Cakulan guba ne a gare shi, haka ma goro. Dafaffen ƙashi yana tsagewa ya soki hanji ko ya maƙale a maƙogwaro. In ya yi zazzaɓi sai a ɗauko maganin ciwon jiki na mutane a ɗura masa, alhali irin su ibuprofen suna ƙona cikinsa su taɓa ƙoda. Ga kuma ƙiba: kare na ci sau huɗu ba ya motsi, gaɓoɓinsa su gaji tun yana da ƙuruciya.

Sai tarbiyya. Halin kare yana kafuwa ne tun yana ɗan mako uku zuwa kamar wata uku. A lokacin ne yake koyon sabawa da yara da baƙi da awaki da ƙarar babur. Kwikwiyon da yake cizon hannu ana dariya, yana tsalle kan mutane ana tafa masa, yana gurnani a kan kwanonsa ana cewa "ka ga jarumi", shi ne zai girma ya kai kilo 35 ko 40 yana yin waɗannan abubuwa duka. Tsallen da ya ba da dariya a lokacin yana iya kayar da tsohuwa ta karye a ƙugu yanzu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Idan mai shi ya tafi, sai gidan ya koma ɗaya gefen. Tun da ba mai iya sarrafa shi, sai a ɗaure shi da sarƙa a bayan gida ko a kulle shi a keji dare da rana. Karen da ya saba kwana a ɗaki ya koma ganin mutum sau biyu a yini. Kaɗaici da rashin motsi suna sa shi haushi ba ji ba gani, da tona ƙasa, da zafin rai. Ranar da sarƙa ta tsinke, ko aka manta ƙofar keji a buɗe, wanda ya fara cin karo da shi ne zai biya: jika da aka kawo hutu, ko almajirin da ya shigo ɗaukar kwano, ko mai tallar fura.

Akwai kuma zafi. Daga Maris zuwa Mayu zafin Kebbi yana haura digiri 40. Kare ba ya gumi a jiki irin namu, da haki yake fitar da zafi. Mai kaurin gashi da aka sa a kejin kwano a tsakar rana yana iya mutuwa cikin sa'o'i kaɗan. In ka ga yana haki da ƙarfi, harshe ya yi ja sosai, yana tangaɗi, a mayar da shi inuwa, a jiƙa jikinsa da ruwa mai sanyi, a yi masa fifita, a kira likita.

Allurar da ake mantawa

Duk abin da na lissafa a sama ƙanana ne a kan ciwon haukan kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar tana kashe mutane kusan 59,000 a kowace shekara, kashi 95 cikin 100 a Afirka da Asiya. Kusan duk masu kamuwa daga kare suke samu, kuma kimanin kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Dalili a fili yake: yaro ne ke wasa da kare, shi ne gajere da cizo ke samu a fuska ko wuya, shi ne kuma zai ɓoye ƙaramin rauni don tsoron faɗa.

Ƙwayar cutar tana cikin yawun dabbar. Da ta shiga ta cizo, ko yakushi, ko lasar wani rauni, sai ta bi jijiya a hankali har ta kai ƙwaƙwalwa. Yawanci takan ɗauki wata biyu zuwa uku, amma tana iya bayyana cikin mako guda, tana kuma iya kaiwa shekara. Wannan jinkiri ne ke yaudarar mutane, rauni ya warke, kowa ya manta. Da zarar alamu sun fito, wato ruɗewa da firgita da kasa haɗiyar ruwa, kusan babu mai tashi, ko a wane asibitin duniya aka kai shi.

Mutane na zaton mahaukacin kare shi ne kawai mai gudu yana cizon duk abin da ya gani. Akwai nau'i na biyu da kare ke yin laƙwas, muƙamuƙinsa ya saki, yawu na dalala. Masu gida sai su ɗauka ƙashi ne ya maƙale masa, su zura hannu a bakinsa. Kada a kuskura. Cutar ba ta tsaya ga kare ba, tana kama shanu da awaki da tumaki da jakuna da kyanwa, don haka makiyayi ma yana da asara a ciki.

Ana kuma ce mini, "Ai namu ba ya fita." A gidaje da yawa ana sakinsa da dare don gadi, ya bi ta kafar magudana ko ya haura katanga, ya haɗu da karnukan juji da na mahauta, ya dawo kafin asuba. Karya in ta shiga lokacin barbara, karnukan unguwa ne za su zo har ƙofa.

Rigakafin ba shi da wuya. Kwikwiyo yana fara karɓar allurar cututtukan ƙuruciya, irin su gudawar jinin nan da ke kashe su da yawa, daga mako shida zuwa takwas. Ta haukan kare ana yi yana da wata uku, a riƙa sabuntawa kowace shekara. Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato tana sarrafa wannan allura, akwai kuma waɗanda ake shigowa da su. Allurar tana buƙatar sanyi tun daga inda aka yi ta har zuwa jikin kare, saboda haka wanda ya zaro kwalba daga aljihu a tsakar rana ruwa kawai ya sayar maka. A je ofishin kula da lafiyar dabbobi, ko wurin likita mai rajista, a karɓi kati mai kwanan wata da sa hannu. A haɗa da maganin tsutsar ciki da na kaska. Kada kuma a jefa wa kare huhu ko hantar da aka ga ƙululun ruwa a jiki, musamman lokacin Layya, domin ta nan yake ɗaukar wata tsutsa da ƙwanta ke komawa jikin mutum ta kashinsa.

Masana sun tabbatar cewa in aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan wuri allura, cutar takan daina yaɗuwa. Da wannan hanya ƙasar Meziko ta kai ga samun shaidar Hukumar Lafiya ta Duniya a 2019 cewa ta shawo kan cutar da ke zuwa wa mutane ta kare. Duniya ta sa wa kanta 2030 a matsayin shekarar da za a daina mutuwa da ita.

Idan an yi cizo

A wanke wurin nan take da sabulu da ruwa mai gudana na tsawon minti 15. Ko buta ce a riƙa zubawa ana cikawa. Wannan wanki kaɗai yana rage haɗari sosai. Kada a sa barkono ko toka ko ruwan batir ko gashin karen, kada kuma a ɗaure raunin tam. A tafi asibiti a ranar, a faɗi gaskiyar abin da ya faru. Za a fara allura a rana ta farko, a maimaita a ta uku da ta bakwai, sauran kuma yadda ma'aikatan lafiya suka tsara. Cizo mai zurfi, ko na fuska da wuya da yatsu, yana buƙatar ƙarin wata allura da ake yi a cikin raunin kansa. In babu a ƙaramin asibiti, a nemi a tura ku babba a Kalgo ko Birnin Kebbi.

Shi kuma karen, in ana iya kama shi ba tare da haɗari ba, a killace shi kwana 10 ana ba shi ci da sha, likitan dabbobi na dubawa. Amma kada a ce sai an ga ƙarshen kwana 10 za a kai wanda aka ciza asibiti. In karen ya mutu ko an kashe shi, kada a taɓa gawar da hannu, a sanar da mu don a aika kansa ɗakin gwaji. Kuma don Allah mai kare ya daina ɓoyewa don gudun biyan kuɗin magani ko jin kunyar maƙwabta. Ran ɗan wani ne a hannunka.

A zauna a yi magana a gida

Gwandu garin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ne, ba a rasa malaman da za a tambaya. Abin da kowa ya sani shi ne shari'a ta ba da damar ajiye kare don farauta da kiwo da tsaron gona, malamai kuma sun yi bayani a kan gadin gida da kan ajiye shi don sha'awa kawai. Wannan fagensu ne. Abin da ba a saɓa a kai ba shi ne dabbar da ka tsare, ci da shanta da lafiyarta suna wuyanka, haka ma cutarwar da ta yi wa maƙwabci.

Ga samari da 'yan mata masu sha'awar kare: kafin ka saya, ka nemi yardar masu gidan, yarda ta gaskiya, domin iyaye da yawa kawaici suke yi. Ka tambayi kanka inda za ka kasance nan da shekara biyar, da wanda zai riƙe igiyar in ba ka nan. In tafiya ta kama ka, ko ka tafi da shi, ko ka ɗauki wani baligi da karen ya saba da shi ka riƙa biyansa, ko ka miƙa shi ga wanda zai iya. Sakinsa a daji ko a bakin kasuwa zalunci ne gare shi da jama'a. A nemi likita ya yi masa fiɗiya, ko ya yi wa karya aikin hana haihuwa, in ba kiwo ake nufi ba.

Ga iyayenmu, Baba da Inna: ba rashin ƙauna ba ne ku ce wa ɗanku ba za ku iya ba. In kun amince ya zauna, a sa mutum ɗaya ya zama shi ke da alhakinsa, kowa a gidan ya bi doka ɗaya, kada wannan ya hana wancan ya bari. A ba shi inuwa da ruwa mai tsabta kullum, a fita da shi da igiya da safe ko bayan la'asar, a sa masa takunkumi in yana da zafi. Kada a bar shi da ƙaramin yaro su kaɗai ko da minti ɗaya ne, komai sabonsu. A koya wa jikoki kada su taɓa kare yana ci, ko yana barci, ko karya tana shayarwa, kuma duk wanda aka ciza ko aka yakusa ya faɗa, ba za a doke shi ba.

Ranar 28 ga Satumba ta kowace shekara ce ranar yaƙi da ciwon haukan kare a duniya, ranar rasuwar Louis Pasteur, wanda ya fara gwada allurar a jikin wani yaro a 1885. A wurare da yawa ana yin allurar kyauta ko da rahusa a wannan mako, sai a kasa kunne. Amma wanda ke da kare a gida kada ya jira Satumba. A nemo katinsa yau a duba kwanan wata. In ya wuce shekara, ko babu katin sam, a kira ɗan da ya saye shi, kuɗin kazar wannan mako ya tafi wurin allura. Allah Ya tsare mu da iyalanmu da dabbobinmu.